Cindon Ƙafar Hagu

Duk namijin da ya shiga shagon takalman Yaya sai ya cire safa. Ba a rubuta wannan doka a bango ba, dokar Goggo ce, kuma babu wanda ya taɓa tsallake ta. Mutum zai shigo a gaggauce ya ce baƙin sau-ciki yake so, ya san lambarsa tun yana saurayi, a miƙo masa kawai ya biya. Goggo za ta janyo ɗan bencinta ba tare da ta dubi fuskarsa ba, ta ce, "Zauna, ɗana. Ta hagu za mu fara."

Ta ga ƙafafu iri-iri. Ta ga ta ma'aikacin banki mai laushi kamar ba a taka ƙasa da ita, ta ga ta direban babbar mota mai fason da tsinke zai ɓata a ciki, ta ga safa mai huji da masu ita ke dunƙulewa a tafin hannu suna kallon sama. Idan mutum ya fara kame-kame sai ta ce, "Kwantar da hankalinka, na ga wadda ta fi taka muni, kuma mai ita babban mutum ne." Masu saye sun ɗauka tsabar iya aiki ne, har suna turo abokansu. Yaya kuwa yana zaune bayan kanta da tumbinsa yana karɓar yabo. Shi dai tun da ya buɗe shagon bai taɓa durƙusa wa ƙafar kowa ba, ya ce gwiwarsa ba ta so.

Mutanen gida kaɗai suka san abin da Goggo take nema. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, mijinta ya tafi neman aiki bai sake waiwayowa ba, ta dawo gidan yayanta da tsohon ciki. Ta haihu cikin zazzaɓi mai zafi. Abin da ta gani kawai shi ne 'yar ƙafa da ta leƙo daga cikin zane lokacin da Inna, mahaifiyarsu, ke fita da jaririn: ƙafar hagu, da ɗan cindo a gefen ƙaramin yatsa, irin na marigayi Babansu sak. Da zazzaɓin ya sake ta, babu jariri. Yaya ya ce an ba wasu mutanen kirki riƙo, har da sa hannu a gaban hukuma, magana ta ƙare. Da ta matsa da kuka sai aka ce mata, "Namiji ne." Iyakar rabonta ke nan a cikin labarin.

Tun daga lokacin take cire wa maza safa. Da farko yara take dubawa, sannan samari, yanzu ta kai ga magidanta masu ɗan sanƙo, don tana ƙara wa ɗan nata shekaru a zuci. 'Ya'yan Yaya, waɗanda su suka sa mata Goggo har sunan ya bi titi, sun mayar da abin wasa. Idan ta dawo gida sukan tambaye ta, "Goggo, yau nawa kika samu, biyar ko shida?" Ita ma takan yi dariya ta ce, "Biyar-biyar, kamar an haɗa baki." Sai ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Shagon hawa biyu ne. Ƙasa na maza, sama na mata, kuma na matan da matakalarsa daban ta waje. Matar Yaya ce ke riƙe da saman, shi ya sa kowa ke ce mata Ta Sama. Sau da yawa Goggo ta roƙi a bar ta ta hau ko na mako guda ta huta da warin safar maza. Ta Sama takan ce, "Haba Goggo, maza sun saba da hannunki. Kina hawa ciniki zai faɗi." Goggo ta ɗauki wannan a matsayin yabo.

Ba wai ta daina tambaya ba ne. Takan jira ranar da Yaya ya ci ya ƙoshi, ta zauna daga gefe ta ce, "Yaya, mutanen nan da aka ba yaron, ko sunan unguwarsu ne."

"Inna ce ta san su," in ji shi, yana sakace. "Kuma Inna ta tafi da maganarta. Ni hannu kawai aka ce in sa."

"To mu je ofishin da ka sa hannun. Na je ni kaɗai, sun ce sai wanda ya sa hannu ya zo."

"Za mu je. Bari kasuwa ta ɗan lafa."

Kasuwar Yaya wata irin kasuwa ce. Idan ana ciniki babu lokacin fita, idan ba a yi babu kwanciyar hankalin fita. Ta Sama kuwa nata uzurin gajere ne: "Ni lokacin ban ma shigo gidan nan ba." Goggo tana tuna wadda ta dafa ruwan zafi a ranar haihuwar, amma ba ta taɓa tunatar da ita ba.

Sai ciwon ido ya fara. Daga gefe ya soma cin ta, kamar ana ja mata labule a hankali. Ta haɗa wa wani malamin makaranta ƙafa ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa, shi ma bai lura ba sai da ɗalibansa suka gaya masa. Wata safiya ta gaida dogon madubin shago, ta tsaya jiran amsa, har ta ce matar nan ba ta da tarbiyya. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Likitan ido dai bai yi ba. Ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma idan aka dage da maganin ɗigawa aka yi aiki da wuri za a tsira da saura. Yaya ya saurari bayanin da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce lallai za a yi da zarar kasuwa ta lafa. Maganin ɗigawa ya ƙare, kwalbar ta zauna a kan taga tana tara ƙura.

Da gani ya yi ƙasa sosai, Goggo ta koma duba ƙafa da hannu. Nan aka samu matsala, don ashe rabin mazan duniya ba sa jure cakulkuli. Wani ɗan sanda mai ƙaton gashin baki ya ƙyalƙyale da dariya kamar yaro, ya harba ƙafa ya rushe kwalayen da aka jera har rufi. Wani ɗan kasuwa kuma ya ce shi takalmi ya zo saya, ba tausa ba, ya fita da safarsa a hannu.

Da yamma Yaya ya kira ta bayan kanta, ya sassauta murya irin ta mai shirin yin alheri.

"Kin wahala, ƙanwata. Daga gobe ki koma sito ki huta. Can babu rana, babu surutun mutane."

"Yaya, a sito ba a cire safa."

"Shi ne hutun ai."

"Ka bar ni a gaba ko na ɗan lokaci. Idona bai gama rufewa ba. Idan ya shigo ina sito fa?"

"Shekara nawa kina gaba, ya shigo?" Ya faɗi haka yana ƙirga makullai, bai ɗago ba.

A ranar Goggo ba ta yi dariya ba. Ta san daga sito sai ɗaki, daga ɗaki sai duhu, kuma ɗanta zai iya zuwa ya sayi takalmi a hannun kawunsa ya tafi da safarsa a ƙafa.

Sito ɗan ɗaki ne a bayan shagon, mai warin fata da man goge takalmi, ƙwan fitilarsa ya daɗe da mutuwa. Goggo ta ce kada a wahala a canza, ita da fitilar yanzu ɗaya suke. Aikinta haɗa ƙafa da ƙafa, goge waɗanda suka yi ƙura, da cusa katako a cikin waɗanda aka kawo a buɗa. Sito ɗaya ne ga shagon duka, saboda haka Ta Sama takan leƙo ta jefo mata jakar takalman mata ta ce, "Ga naki." Wannan ne kuskuren da mutanen gidan suka yi. Sun yi shekaru suna tsaron idon Goggo, babu wanda ya tuna da hannunta.

Wata ranar da hantsi ta zura hannu a jaka ta ciro takalmin mace, sau-ciki mara tsini, tsoho, an ɗaure shi da sabo don a buɗa sabon ya yi daidai da shi. Ta shafa na dama, lafiya lau. Ta shafa na hagu, babban yatsanta ya tsaya. A gefe, bayan inda ƙaramin yatsa ke zama, fatar ta yi ɗan tudu, ta yi laushi, kamar wani abu ya daɗe yana turo ta daga ciki. Tun tana yarinya ita ke goge wa Babansu takalmi kowace safiya, kuma kullum buroshi sai ya yi tuntuɓe a daidai wannan wurin.

Ta zura yatsu ciki ta laluba. Ta fitar, ta sake zurawa. Takalmin mace ne, babu tantama, har da 'yar kwalliya a baki.

Dariya ta fara zuwa mata, irin wadda ba ta da daɗi. Ta tuna ɗan sanda, ta tuna direba, ta tuna duk safar da ta shaƙa. Sannan dariyar ta tsaya, ta rungume takalmin a ƙirji ta zauna a kan kwali.

Da Ta Sama ta leƙo, Goggo ta tambaya da muryar da take tambayar farashin albasa, "Wannan mara tsinin na wace ce?"

"Na 'Yar Mai Gida ne. Da yamma za ta biyo idan ta tashi daga makaranta." Ta Sama ta faɗa kafin ta yi tunani. Sai ta yi tari, ta ce, "Kawo shi ma, ni zan buɗa da kaina."

"Bari in gama gogewa."

Goggo ta san 'Yar Mai Gida, wa bai san ta ba. 'Yar marigayi mai ginin da shagon yake ciki ce, mutumin da ya daɗe bai samu haihuwa ba, wanda ya ba Yaya wurin nan a kan hayar da maƙwabta suka yi ta mamakin araharta. A wace shekara? Goggo ba ta buƙaci lissafi ba, shekarar da ta haihu ce. Yarinyar ta girma a wata unguwa mai nisa, yanzu malama ce, kuma duk lokacin da ta zo sai ta leƙo ƙofar maza ta ce, "Goggo, ina wuni?" kafin ta zaga ta hau matakala. Goggo takan amsa kanta a sunkuye, hannunta a kan ƙafar wani ƙato.

Ba a jima ba sai ga Yaya da kansa a ƙofar sito, ya cika ta da tumbi. Goggo ta riga ta sa takalmin a kan kwali ta zauna a kai, ta baje zani.

"Ina takalmin mutane?"

"Yaya, namiji ne ko mace?"

Ya waiwaya ya dubi cikin shago. Daga baya ya ce, "Wane irin zance ne wannan da rana tsaka?"

"Abin da na haifa. Namiji ne ko mace?"

"Inna ce ta ce a ce namiji."

"Inna dai. Allah ya ji ƙan Inna, ta mutu ba ta huta ba."

"Don ke aka yi," in ji Yaya, muryarsa ta fara hawa. "Da an ce mace, da kin tare kowace yarinya a titi kin zubar mana da mutunci. Mai ginin nan ya ce sharaɗinsa kada a taɓa tayar da maganar. Ke lokacin miji babu, sana'a babu, lafiya babu. Me za ki ba ta? Ga ta nan ta yi karatu, ta zama mutum. Ke kuma shekarun nan duk me kike ci in ba shagon nan ba?"

"Ashe 'yata nake ci," ta ce a hankali.

"Kada ki juya mini magana. Tashi in duba."

"Gwiwata ba ta so, Yaya."

Ya kira Ta Sama, suka kunna fitilar waya suka birkice sito. Suka buɗe kwalaye, suka zazzage jakunkuna, Ta Sama tana ta nanata cewa ita lokacin ba ta shigo gidan ba, alhali babu wanda ya tambaye ta. Dukansu sun san inda takalmin yake. Amma ɗaga dattijuwa daga kan kwali aiki ne da sai an yi hayaniya, kuma akwai masu saye a gaba. Suka yanke shawarar a ce wa mai takalmin ya ɓata, a ba ta wani kyauta.

Da la'asar Goggo ta ji takun malamar. Ba ta taɓa lura ba sai yau, ƙafar hagun tana ɗan jinkiri kafin ta sauka, kamar ta Baba. Ta ji gaisuwar, "Kawu, ina wuni?" Haka take kiran Yaya don girmamawa. Ta ji Yaya yana bayani da zaƙin baki, ta ji malamar tana cewa ita tsohon take so, don shi kaɗai ya san ƙafarta, sabo kullum sai ya yi mata ciwo.

Goggo ta ɗaga murya daga sito. "Malama, takalminki yana wurina. Bai ɓata ba."

"Idonta ne, kin san ba ta gani sosai," in ji Yaya da sauri.

"Ai ba da ido na same shi ba."

Ta fito tana bin bango, takalmin a hannu, ta laluba ɗan bencinta inda yake tun fil azal. Wani mai saye yana zaune a gefe yana jira a kawo masa lambarsa. Goggo ta ce, "Zauna, Malama. Ban taɓa auna ki ba, shi ya sa sabo ke yi miki ciwo. Ta hagu za mu fara."

Malamar ta yi 'yar dariyar kunya. "Goggo, ƙafata ba ta kallo ba ce. Tun ina yarinya nake ɓoye ta."

"Na ga wadda ta fi taki."

Ta zauna. Goggo ta durƙusa, ta zare takalmin, ta zare safar a hankali kamar mai buɗe ƙwai. Ta bi yatsun da hannu ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Bayan ƙaramin ga ɗan cindo nan, ya kwanta a gefe. Hannunta ya rufe a kansa, ta kasa saki.

"Gado ne aka ce," in ji malamar, don ta cike shirun. "Amma ban san daga wa ba. Iyayena riƙona suka yi, sun gaya mini da na girma. Uwar da ta haife ni wai ta rasu wajen haihuwata."

"Wa ya gaya musu ta rasu?"

"Wanda ya sa hannu. Na je ofishin na nema, suka ce sai shi ya zo da kansa." Ta juya wajen Yaya. "Na ma taɓa tambayar Kawu ko ya san shi, tunda abokin Baba ne. Ya ce zai bincika idan kasuwa ta lafa."

Mai sayen da ke jira ya daina karkaɗa ƙafa. Ta Sama ta tsaya a bakin ƙofa da kwali a hannu.

"Ke an ce miki na mutu," in ji Goggo. "Ni an ce mini namiji ce ke. Kakanki yana da irin wannan, nan daidai. Ni nake goge masa takalmi."

Malamar ta ɗago kai. Ta dubi Yaya, shi kuma ya samu wani abu mai muhimmanci a cikin aljihun teburinsa. Ta dubi matar da ke durƙushe a gabanta, wadda ta yi shekaru tana gaisarwa a tsaye daga bakin ƙofa. Goggo ta ɗago kai tana ƙoƙarin gani, ta buɗe ido iya buɗewa, amma abin da ya rage mata ɗan haske ne da inuwar ɗankwali. Idon da za ta ga 'yarta da shi ya ƙare a kan ƙafafun mazan da ba ta haɗa komai da su ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Da wa kike kama?" ta tambaya. "Ban taɓa ɗagowa na dube ki da kyau ba."

Malamar ta sunkuya, ta cire hannun Goggo daga kan ƙafarta, ta ɗora shi a kan fuskarta. Fuskar a jiƙe take. Goggo ta bi goshi, ta bi hanci, ta tsaya a haɓa, ta yi 'yar dariya cikin hawaye ta ce, "Hancin ubanki ne. Ki yi haƙuri, ba laifina ba ne."

Yaya ya gyara murya. "To alhamdulillahi. Ga shi kun haɗu, kuma a cikin shagon nan. Da ban ajiye ki kusa ba, da yaushe za ku haɗu? Komai da lokacinsa. Sai a bar abin da ya wuce."

Malamar ta sa safarta, ta zura tsohon takalminta, ta kama Goggo ta ɗaga ta. Ta tambaye ta sunan likitan idon, ta ce idan sun yi sauri za su same shi bai tashi ba.

"Yanzu?" in ji Yaya. "Ga mutum yana jira. Ku bari kasuwa ta..."

Bai ƙarasa ba. Goggo ta sa ƙafa ta tura ɗan bencin a kan siminti, ya tafi yana ƙara har ya daki gindin kanta.

"Ga mai saye nan, Yaya," ta ce. "Durƙusa. Ba sai ka cire masa safa ba."